Kifin da ake kira natanko

Ku biyun nan da aka turo ɗakin intanet, na ji abin da kuka faɗa a gindin dalbejiya ranar Talata. Wai aikin laburare ba aiki ba ne, zama ne a ƙarƙashin fanka ana kaɗe ƙura ana ce wa yara su yi shiru. Ban ji haushi ba. Fankar da kuke magana, sau biyu na ga ta juya cikin shekara talatin da ɗaya, kuma duka biyun ranar da sufeto ya zo ne. Amma tunda makullin ɗakin da na tsufa a cikinsa yanzu yana aljihunku, ku gyara zama in gaya muku yadda ya fita daga nawa aljihun. Kifi ne ya fitar da ni daga ɗakin nan, kifin da bai kai tsawon damtsena ba.

Ranar da na fara aiki, Mista Yohanna bai bar ni na buɗe littafi don karatu ba. Shi ne mai laburaren wannan sakandare kafin ni, mutumin kan tudu daga wajen Ngaski, gajere, da tabarau wanda aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Ya ɗauko wani littafin taswira da ya rabu gida uku, ya haɗa mini da basilla da zare da kwalbar jiƙaƙƙen ƙaro, ya ce in mayar da shi littafi. Kwana tara na yi a kai. Da na kawo, ya buɗe tsakiya, ya riƙe bangon biyu ya girgiza, sai ga ƙasar Indiya ta faɗo ƙasa. Ya sake miƙo mini basilla. A wurinsa na koyi cewa ƙaro in ya yi kauri kyankyaso yake kira, in ya yi ruwa takarda yake lanƙwasawa. A wurinsa na koyi ƙwanƙwasa kanta da makulli duk safiyar Litinin, domin katakon da gara ta shiga ƙararsa daban ce. Ƙafafun kantocin nan kowacce a cikin gwangwanin madara take tsaye, an zuba baƙin mai don kada gara ta hau, kuma ni ke ƙara man.

Masu zuwa kuwa iri-iri ne. Akwai yaron da ya gudo daga sharar fili, ya ɗauki littafi mafi girma don ya ɓoye kansa. Akwai malamin da jarida kawai yake nema, ita ma don ya yi fifita. Na taɓa tsintar babi guda na littafin tarihi a wurin mai ƙosai a bakin ƙofa, an naɗe wa wani na safe a ciki. Amma a cikin goma za ka sami ɗaya da ya zo da tambaya, kuma don shi ake buɗe ɗakin. Zai ce yana son littafi a kan ruwa. To, wane ruwa? Na sha, ko na sama, ko wannan na Kainji da ke kwance a gabanmu? Sai ka yi ta janyo shi da tambaya har ya gano abin da yake nema, domin yawancinsu ba su sani ba sai sun ji kansu suna faɗa. Wannan janyowar ita ce aikin, kuma ban ga na'urar da ke yin ta ba tukuna. Taku duk abin da aka tambaye ta amsawa take yi, ko da tambayar shirme ce.

Babban kayan aikinmu shi ne akwatin kati. Na maɗaci ne, aljihu goma sha biyu, sai mutum huɗu suke ɗaga shi. Mista Yohanna ba littattafai kaɗai yake sa wa kati ba, har abin da babu shi a littafi. Dokarsa ɗaya ce, kuma ya maimaita mini ita har na gaji. A gaban kati ka rubuta abin da ka samo. A bayansa ka rubuta wanda ya gaya maka da inda ya gaya maka. In mutum ɗaya ne ya faɗa, da fensir za ka rubuta. Sai wani daban, wanda bai ji na farko ba, ya faɗi haka, sannan ka bi kai da biro. Na taɓa tambayarsa ko da liman ne ya faɗa. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce ko da bishop ne.

Shi ya lura cewa duk kifayen da ke littafin kimiyyar yara na ƙasashen sanyi ne, babu ko ɗaya da ake ci a Yauri. Yaro zai zana kifin da bai taɓa gani ba ya ci maki goma, ya koma gida ya ci tarwaɗa bai san ita ma kimiyya ce ba. Sai ya tura ni bakin ruwa duk ranar kasuwa, da littafin rubutu, in tattaro sunayen kifin tafkin nan da kamanninsu. Ni kuwa ɗan manomi ne daga can cikin Shanga, inda ruwanmu na rijiya ne. Kifin da na sani shi ne baƙin nan naɗaɗɗe da ke cikin miya. Na je da wando mai guga da takalmi sau-ciki, na tsaya cikin taɓo ina tambayar masunta, su kuma suna ta zolayata. Wani ya ce in rubuta da kyau kada kifin ya kai ƙarata. Wanda ya fi haƙuri da ni shi ne Sani Maitaru, wani ƙaƙƙarfan masunci mai jirgi biyu. A bakinsa na sami giwan ruwa da yauni da bargi da ƙurungu da tsage, har da minjirya, wadda ya bari na taɓa kafin ya gaya mini sunanta. Ashe lantarki gare ta, ta ja ni, hannuna ya yini a mace.

Wata ranar kasuwa hadari ya taso daga gabas, kowa na gaggawar kwashe kaya. Na hango wani kifi shi kaɗai a gefen tabarma, mai dogon baki siriri da ya lanƙwasa ƙasa, ban taɓa ganin irinsa ba. Na ɗauka na tambayi Sani wannan fa. Yana ta jan igiya, bai ko ɗago ba, ya faɗi abin da ya faɗa ya ce in ajiye. Na rubuta natanko, na ruga don kada ruwa ya jiƙa mini littafi. A makon nan Mista Yohanna yana kwance da zazzaɓi. Na zauna na cika katuna, na zana bakin kifin da kyau har ina yaba wa kaina, kuma da yake fensirin ya ƙare na ɗauki biro. Rubutun bayan katin kuwa na ce sai gobe.

Mista Yohanna ya yi ritaya, ya koma ƙauyensu, daga baya ya rasu. Ni na gaji akwati da basilla, yara suka sa mini suna Malam Shiru, sunana na yanka, Garba, sai a takardar albashi. Katin nan ya kwanta a aljihu na bakwai fiye da shekara ashirin bai cuci kowa ba. 'Ya'yan masunta ba sa zuwa laburare neman sunan kifi, 'ya'yan cikin gari kuma ba ruwansu da shi sai an soya.

Sai aka turo mana wani ɗan bautar ƙasa daga kudu, mai kirki da son aiki, irin waɗanda kirkinsu ke jawo wa mutum wahala. Ya buɗe aljihun kifaye ya kama baki. Ya ce wannan dukiya ce, bai kamata gara ta ci ita kaɗai ba. Wata biyu yana bugawa a kwamfutarsa yana ɗaukar hoton zanena, ya ɗora duka a wani shafi na intanet, da sunana a sama. Gaban katunan ya buga. Bayansu ya ce ba wanda zai karanta, wa zai damu da cewa wani Sani ne ya faɗa a bakin ruwa? Ni kuwa da na ga sunana a cikin gilashi, kaina ya kumbura har hula ta matse ni. Na ƙyale shi.

Mummunar shekara kun san ta, ba sai na tsaya bayani ba. Aka rufe makarantu saboda tsoron 'yan bindiga, kowa ya kwashi 'ya'yansa, mu ma aka ce kada a ga ƙafarmu. Damina ta yi a kan ɗakin nan ba wanda ya buɗe shi. Kwanon rufi ɗaya ya ɗaga, baƙin man gwangwani ya cika da ruwa ya malale, gara ta sami hanya. Ranar da na dawo na ƙwanƙwasa kanta ta farko, makullin ya shige ciki. Littafin taswirar nan da na koyi ɗinki a kansa na ɗaga shi ya zube a hannuna kamar dusa. Baro goma sha ɗaya na tura zuwa bayan katanga, ni kaɗai, na cinna wuta. Abin da ya tsira bai cika kanta uku ba. Akwatin maɗaci ne kawai gara ta lasa ta ji ɗaci ta bari. Ranar na yi kuka, kuma ban ɓoye wa kowa ba.

Bayan nan ne tabilet suka zo, guda arba'in, kyautar wata ƙungiya. Aka kafa rumfa, aka yi jawabi, aka ɗauki hoton yara suna murmushi a kan gilashin da ba a kunna ba, domin babu caji. Ni allo nake ce musu, tunda an ce su ne za su maye gurbin komai. Sai aka gano cewa sabis a duk makarantar nan wuri ɗaya yake sauka, bayan tankin ruwa, kusa da bayan gida. Don haka duk lokacin bincike za ka ga aji guda a tsaye a can, kowa ya ɗaga allo sama da hannu ɗaya, ɗayan hannun ya toshe hanci. Binciken kuma shi ne ka buga tambayar malam yadda take, ka kwafe abin da ya fara fitowa, ka miƙa. Malam shi ma ya buga tambayar, ya ga ya yi daidai da abin da ya fara fitowa, ya ba da maki. Wani yaro, ɗan masunci ne ma, an ce ya rubuta a kan giwan ruwa. Ya sa allo ya juya masa sunan zuwa Turanci, ya bi abin da ya fito, ya kawo shafi biyu a kan dabba mai haure da dogon hanci da ke son wanka. Ubansa ya kama giwan ruwa biyu a makon nan.

Shugaban makaranta na lokacin, Alhaji Bala, mutum ne da ya iya lissafin ɗakuna. Ya zo ya tsaya a ƙofa ya dubi kantocin da babu komai, ya dubi tagogi masu ƙarfe da rufi mai silin, ya ce wannan ɗaki da allunan ya dace. Na san ƙarshena ya zo. Abin da ya cece ni shi ne shafin nan. 'Yan ƙungiyar da suka kawo kyauta sun gan shi, suka ce suna son ganin akwatin da ya shiga intanet. Daga ranar duk baƙon da ya zo makaranta, nan ake kawo shi, a ja aljihu, a nuna ni kamar wani kayan tarihi. Alhaji Bala ya gaya mini a fili cewa muddin katunan nan suna jawo wa makaranta suna, ɗakin nawa ne. Alluna suka ci gaba da kwana a kabad ɗin ofishinsa, ni kuma na ci gaba da yi musu dariya daga kan kujerata.

Sai ga takarda cewa za a yi gasar kimiyya da harshen gida a Birnin Kebbi, kowace makaranta ɗalibi ɗaya, wanda ya ci kuma za a ɗauki nauyin karatunsa. Malam Nura, sabon malamin kimiyya, wanda ko gaisuwa sai ya duba allo kafin ya amsa, ya shirya jarrabawar fidda gwani. Mutum biyu suka rage a sama, wani Kabiru da wata yarinya Asabe, 'yar aji biyar. Asabe uwarta bandar kifi take yi a bakin ruwa, kuma tana cikin ɗaya-cikin-goman nan da na gaya muku. Ita ce ta taɓa tambayata me ya sa wasu katuna fensir wasu biro, na zauna na yi mata bayani ina jin daɗi. Kabiru ya wuce ta da maki ɗaya.

Ta shigo laburare bayan an tashi, ta ajiye takardarta a gabana. An sa hoton kifi mai dogon baki an ce a faɗi sunansa da Hausa. Ta rubuta miligi, Malam Nura ya ja jan biro ya rubuta natanko.

"Malam, wanga kihi miligi na," in ji ta. "Innata na bandar shi tun ban san kaina ba. Ban taɓa jin wani natanko ba."

Ku ji abin da na yi, ni da nake zagin alluna safe da yamma. Na aika aka karɓo mini ɗaya daga ofis, na ja yarinyar har bayan tanki, na ɗaga shi sama na toshe hanci, na nuna mata shafin. Na ce ga shi nan duniya duka ta yarda, ita da Innarta ne kawai ba su ji ba. Ta bar ni na gama. Da muka koma ɗaki ta tsaya gaban akwati.

"Ai kai kac ce muna juya kati, Malam."

Na ja aljihu na bakwai da ƙarfina, na zaro katin na juya don in rufe mata baki. Fari fat. Ba sunan mutum, ba wuri, ba komai, sai kashin kyankyaso guda a kusurwa. Na ce mata ta je gida, zan duba.

Ranar kasuwa na sauka bakin ruwa da katin. Sani Maitaru ya tsufa, ya bar wa 'ya'yansa jirage, yana zaune a inuwa yana gyaran komar kamun kifi. Na nuna masa zanen, ya ce miligi ne, kuma wanda ya zana ya iya. Na tambaye shi to ina sunan da ya gaya mini ranar nan ta hadari. Ya sa na maimaita sunan sau biyu. Sai ya ajiye komar, ya fara dariya, dariya ta zama tari, har wata mata ta kawo masa ruwa.

"Malam, ba suna nib ba ka ba," in ji shi yana share hawaye. "Tanko mai banda, Allah jiƙan shi, shi yas saye kihin, niw ware mai. Ce maka niy yi na Tanko na, aje. Ashe shekara ashirin kana kiran miligi da sunan mamaci?"

Kafin in bar wurin labari ya zagaye bakin ruwa. Duk jirgin da na wuce sai an ɗaga mini kifi a ce wannan na Audu ne, in rubuta. Na daure na tambayi mutum uku daban-daban, har da wata tsohuwa daga tsallaken Wara da ba ta san abin da ake ciki ba. Duka suka ce miligi.

Na fara da neman gyara a ɓoye, ba zan yi muku ƙarya ba. A kati gyara abu ne na minti ɗaya, ka ja layi ka rubuta daidai ka sa hannu. Na nemi ɗan bautar ƙasar nan, lambarsa ta daina shiga tuntuni, kuma shi kaɗai ke da mabuɗin shafin. Na sa aka bincika mini, sai ga natanko a shafuka huɗu, kowanne ya kwafa daga ɗan'uwansa. Ɗaya har ya ƙara bayani cewa sunan ya samo asali ne daga wani tsohon harshe na mutanen tsibiri. Tanko mai banda, wanda ko sunansa bai iya rubutawa ba, ya zama tsohon harshe.

Kwana uku ina juya abin a raina. In na yi shiru, Kabiru ya tafi, ɗakina na nan, ba wanda ya sani sai masunta, su kuma ba sa zuwa taron malamai. In na yi magana, na san abin da Alhaji Bala zai yi, domin ya riga ya faɗa. Asabe ba ta sake zuwa ta tambaye ni ba. Kullum dai za ta shigo ta gaishe ni, ta zauna a kujerar da ke fuskantar akwatin, ta buɗe littafi. Da ta yi mini rashin kunya da ya fi mini sauƙi.

Ranar taron malamai na shiga da kati a aljihu da miligi ɗanye a cikin leda. Na ajiye shi a kan tebur, a kan rajistar Alhaji Bala, na ba da labari tun daga hadari har zuwa tarin Sani Maitaru. Wasu suka yi dariya har da buga tebur. Malam Nura bai yi ba. Ya ɗaga allonsa ya ce shi bai ga yadda za a bar shafuka huɗu a kama maganar masunta ba, bincike ai yawan madogara ne.

"Malam Nura," na ce, "ba baki huɗu ba ne. Baki ɗaya ne, nawa, kuma kunnena ne ya yi ƙarya. Ga kifin nan, ɗauke shi ka kai bakin ruwa ka kira shi natanko ka ga ko zai amsa."

Aka gyara maki. Asabe ta ƙaru da ɗaya, Kabiru da ya haddace natanko ya ragu da ɗaya, ta wuce shi. Alhaji Bala ya sa aka ɗauke kifin daga rajistarsa da yatsu biyu, ya yaba mini ƙwarai, ya ce gaskiya irin wannan ta yi ƙaranci a zamanin nan. Da na ji yabon ya yi yawa na san wuƙa na tafe. Ya ce to amma tunda katunan ma ba abin dogara ba ne, ba zai ƙara kai baƙo gabansu ya ji kunya ba, ga alluna kuma zafi na lalata su a kabad. Kafin ƙarshen mako an sa sola a rufin, an jera soket a bango, an rubuta sabon suna a ƙofa. Littattafan da suka rage aka kai sito wurin fartanya. Akwatin maɗaci aka ce in ga yadda zan yi da shi, na ɗauko masu amalanke suka kai mini gida. Wata bakwai da suka rage mini kafin ritaya, a baranda na yi su, a kan benci, ina ce wa awaki su yi shiru.

Duk da haka ban yi nadama ba a lokacin. Ina zaune a barandar nan ina ce wa kaina na sayar da ɗaki na sayi gaskiya, kuma yarinya za ta je babban birni ta faɗi sunan kifin uwarta. Har wani daɗi nake ji, irin na mutumin da ya yi abin kirki yana so a gani.

Asabe ta je, ta ci gasar. Makaranta ta yi ta murna, aka yi taro, Alhaji Bala ya yi jawabi a kan amfanin alluna. Da aka watse ta zo baranda ta durƙusa ta gaishe ni, ta nuna mini takardar shaida. Na sa mata albarka, na tambaye ta irin tambayoyin da aka yi. Ta ce a zagaye na ƙarshe su biyu suka rage, aka ɗaga hoton kifi mai dogon baki. Zanena ne ma, ta gane shi. Na gyara zama, na ce to, sai kika ce musu me? Ta dubi ƙasa.

"Natanko nic ce, Malam."

Ta ɗago kai ta ci gaba.

"Alƙalan su ukku na, kowa da allo gaba nai. Na hangi shafinka buɗe. In nic ce miligi, wa zai kawo musu kihi cikin leda?"

Yarinyar ta yi bincike fiye da duk wanda ke zauren gasar, ta san sunan kifin, ta kuma san abin da ke gaban alƙali. Yanzu tana jami'a, kimiyyar ruwa take karanta, kuma duk hutu sai ta zo gaishe ni da ƙullin banda.

A ranar da na koma gida na ciro sabon kati. A gaba na rubuta natanko, sunan da wasu ke kiran miligi. A baya na rubuta Asabe, a zauren gasa, Birnin Kebbi. Da fensir na rubuta, tunda baki ɗaya ne, kuma na san inda ta samo.

To, ga abin da ya sa na tsayar da ku. Makon jiya na sauka bakin ruwa sayen kifin miya. Wata mata da ban sani ba, daga tsallake ta zo, ta baza miligi a faranti tana kiran masu saye, tana cewa ga natanko, ga natanko sabon kamu. Na tsaya na tambaye ta wa ya gaya mata wannan suna. Ta ce ba wanda ya gaya mata, haka ma'aikata da 'yan makaranta ke tambaya, kuma in ta ce miligi wucewa suke yi. Ba ta san ni ba, ba ta san Asabe ba, ba ta taɓa jin an yi wani Tanko ba.

A dokar Mista Yohanna wannan baki na biyu ne. Ku da kuka ce aikin zama ne a ƙarƙashin fanka, ku gaya mini abin da zan yi. Katin yana nan a aljihun rigata, biron ma yana nan, yau kwana shida ban cire murfinsa ba.